Sayar da gida a Amurka: shin tallan kyauta da dillalan rangwame suna da amfani ga mai gida?

Tambaya ce daga wani ɗan'uwa mazaunin Amurka. Ya ce: "Ina son sayar da gidana, ana ganin zai yi kusan dala 400,000. Dillalin da na tuntuɓa ya ce kashi 3 cikin 100 ne la'adarsa, ban da ta dillalin mai saye. Ga shi kuma ina ganin shafukan da ake sa gida kyauta, da kamfanonin da ke cewa dala ɗari uku kawai za ka biya, da wasu masu karɓar kashi 1 ko ɗaya da rabi. Suna da amfani kuwa, ko araha ce da ba ta ado?"

Ɗan'uwa, suna da amfani, amma ka haɗa abubuwa uku a jaka ɗaya waɗanda ba su da dangi. Tallan kyauta daban, biyan kuɗi ƙayyadadde a sa gidanka cikin rumbun dillalai daban, dillali mai rangwamen la'ada kuma daban. Na daɗe a harkar dillancin gidaje, kuma abin da nake gaya wa duk wanda ya zo mini da wannan magana shi ne: tallata gida ya zama abu mai araha ƙwarai a zamanin intanet, bai kamata kowa ya biya dubban daloli domin talla kawai ba. Abin da har yanzu ke da tsada shi ne sanin farashin da za a sa, da iya ciniki, da riƙe cinikin kada ya wargaje tsakanin ranar da aka taya da ranar da aka sa hannu. Duk hanyar da za ka bi, ka tambayi kanka wa zai yi maka waɗannan ukun.

Mu fara da kuɗin da ake magana a kai, domin mutane da yawa suna ƙirga ribar da ba tasu ba. Shekaru da dama al'adar kasuwar Amurka ita ce mai gida ya biya kashi 5 zuwa 6, a raba tsakanin dillalinsa da dillalin mai saye. A gidanka hakan na nufin dala 20,000 zuwa 24,000. To amma hanyoyin rangwamen nan duka rabin da ke ɓangarenka kawai suke taɓawa, wato dala 12,000 ɗin da dillalinka ya nema. Ɗaya rabin magana ce ta daban, zan zo kanta. Saboda haka iyakar abin da za ka iya tsira da shi a nan bai wuce dala 12,000 ba, kuma sai an cire abin da za ka kashe.

Zuciyar kasuwar ita ce abin da ake kira MLS. Rumbun bayanai ne da dillalai masu lasisi na kowane yanki suke sa gidajen da ke hannunsu, akwai ɗaruruwansu a faɗin ƙasar, kuma kai mai gida ba ka da ikon shiga da kanka. Daga can ne manyan shafukan tallan gidaje irin su Zillow da Realtor.com da Redfin, da shafukan kamfanonin dillanci, suke kwaso gidajen da kake gani. Daga can ne kuma saƙo ke fita kai tsaye zuwa wayar mai neman gida, da zarar an sa wanda ya dace da abin da ya ce wa dillalinsa yana so: ɗaki uku, unguwa kaza, ƙasa da farashi kaza. Mafi yawan masu saye a Amurka da dillali suke tafiya, dillalin kuwa a nan yake dubawa. Gidan da ba ya ciki, rabin kasuwa ba ta san da shi ba.

Wannan ne raunin tallan kyauta. Za ka iya sa gidanka a Zillow a matsayin wanda mai shi ke sayarwa da kansa, ko a Facebook Marketplace, ko Craigslist, ba tare da ka biya ko sisi ba, amma babu ɗaya daga cikinsu da zai shigar da kai MLS. A shekarar 2021 ma Zillow ta raba gidajen dillalai da na masu sayarwa da kansu, ta mayar da na biyun wani sashe daban wanda sai mai nema ya latsa shi da gangan. Kuma ka lura da waɗanda za su fara kiranka. Cikin kwanaki biyun farko wayarka ba za ta huta ba, har ka ɗauka kasuwa ta buɗe. Na farko zai ce yana da mai saye a hannu, yana so ya zo ya duba gidan, ya zo ya zagaya ɗakuna, a ƙarshe ya fito da takardar ƙulla yarjejeniyar dillanci. Na biyu zai ce kuɗi hannu, ba ruwansa da gyara, mako biyu a gama, amma tayinsa ya gaza farashinka da kashi 20 ko 30, domin shi ɗan sari ne, takardar cinikin zai sayar wa wani ya ci riba a tsakani. Akwai kuma wanda ba zai kira ka ba sam, zai kwashe hotunanka ya sa su a wani wuri a matsayin gidan haya, ya karɓi kuɗin mutane, sai ka ga baƙo a ƙofarka yana cewa ya biya. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Shafukan nan suna samun kuɗinsu ne ta hanyar sayar wa dillalai da masu ba da bashin gida talla da sunayen masu nema, to tallanka na kyauta kaya ne a shagonsu.

Ban ce ba shi da rana ba. Idan ka riga ka sami mai saye, ɗan hayan da ke ciki, ko maƙwabci, ko abokin aiki, ba ka buƙatar talla ma balle dillali, lauya kawai kake buƙata da wanda zai ƙiyasta darajar gidan. Haka kuma ba laifi ka sa tallan kyauta a matsayin ƙari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya dogara da shi kaɗai wajen sayar da babbar kadarar da ya mallaka.

Hanya ta biyu ita ce wadda na fi ganin ƙimarta idan aka auna da kuɗinta. Ka biya wani dillali mai lasisi kuɗi ƙayyadadde, galibi 'yan ɗaruruwan daloli, aikinsa kawai ya shigar da gidanka MLS. Daga nan gidan zai bayyana a dukkan manyan shafuka daidai da na wanda ya biya kashi 3, mai saye ba zai iya bambancewa ba in dai hotunanka sun yi kyau. Sauran aikin naka ne: amsa waya, tsara lokacin masu zuwa dubawa, karanta tayi, mayar da martani.

A nan sai ka buɗe ido wajen karanta yarjejeniya, domin a cikin ƙananan rubutu ake mayar da arahar tsada. Abu na farko, wane MLS za a sa ka? Wasu kamfanonin da ke aiki a duk faɗin ƙasa suna miƙa ka ga wani dillali da ke can nesa a cikin jihar, ya sa gidanka a rumbun da dillalan garinku ba sa amfani da shi. Ka nemi sunan rumbun a rubuce, ka tambayi kowane dillali na yankinku ko shi ne nasu. Sannan lambar wayar wa za ta fito, kuma idan mai saye marar dillali ya kira ofishinsu, kai za su turo wa ko za su riƙe shi su zama dillalinsa? Hoto nawa aka yarda ka sa? Idan kana son rage farashi ko gyara bayani, kyauta ne ko kowane canji da kuɗinsa? Wata nawa tallan zai yi? Mafi muhimmanci, akwai wani kaso da za a cire ranar kammala ciniki? Wasu suna tallata dala ɗari biyu ko uku a babban rubutu, can ƙasa kuma an ce za a ƙara rabin kashi ɗaya idan gida ya sayu. Rabin kashi ɗaya a gidanka dala 2,000 ne. Ka kuma tabbata yarjejeniyar ta bar maka 'yancin sayar wa wanda ka samo da kanka ba tare da ka biya kowa la'ada ba, kuma za ka iya janyewa duk ranar da ka ga dama.

Ka san kuma cewa wannan kuɗin, gida ya sayu ko bai sayu ba, ya tafi. Idan 'yan ɗaruruwa ne ba komai. Inda abin ke zama matsala shi ne idan kuɗin ya yi yawa, domin wanda ya riga ya karɓi ladansa ba abin da ke tura shi. Kamfanin Purplebricks na Ingila ya gina kasuwancinsa a kan irin wannan tsari na biyan kuɗi ƙayyadadde, ya shigo Amurka a 2017, ya tattara ya fita a 2019, a 2023 kuma aka sayar da shi a kan fam ɗaya. Wasu jihohi, irin su Texas da Missouri da Alabama, suna da dokar da ta wajabta wa duk dillalin da ya karɓi gida ya yi wani mafi ƙarancin aiki, kamar karɓar tayi da miƙa shi, don haka abin da za ka samu ya danganta da jihar da kake.

Hanya ta uku, dillali mai rangwame, cikakken dillali ne da ya rage kuɗinsa. Redfin ce ta fi yin suna a nan, a shekarun baya ta yi fice da la'adar kashi ɗaya da rabi, ko kashi 1 ga wanda zai saya ya kuma sayar ta hannunsu. Akwai kuma kamfanonin da ba su da dillalai nasu, haɗa ka kawai suke yi da dillalin gari wanda ya yarda ya karɓi kashi ɗaya da rabi, su kuma su yanki nasu daga abin da ya samu. Irin wannan kuɗin turo abokin ciniki yakan kai kashi 25 zuwa 35 na la'adar. Ka yi lissafi: dala 6,000, a cire kason kamfanin da ya turo ka, a cire kason ofishin da dillalin ke aiki a ƙarƙashinsa, abin da ya rage masa ba shi da yawa. Hanyar da zai ci abinci ita ce ya riƙe gidaje masu yawa a lokaci guda. Wannan ba ya nufin ba shi da ƙwarewa, wasunsu sun fi masu kashi 3 sanin aiki saboda yawan cinikin da ke bi ta hannunsu. Yana nufin lokacinsa a kanka ƙalilan ne, kuma mai yiwuwa wanda ya zo gidanka ranar farko ba shi ne zai ɗauki wayarka ranar da matsala ta taso ba. Ka tambaye shi gidaje nawa ke hannunsa yanzu, nawa ya sayar a unguwarku a shekarar da ta wuce, kuma wa za ka kira da dare idan tayi ya shigo. Ka duba kuma ko akwai mafi ƙarancin kuɗi, domin a ƙaramin gida kashi ɗaya da rabi yakan koma kashi biyu da wani abu.

Dillalin da ka tuntuɓa zai iya nuna maka alƙaluman ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasa, NAR. A rahotonta na 2024, kashi 6 cikin 100 ne kawai na gidaje masu su suka sayar da kansu, matsakaicin farashinsu dala 380,000, na waɗanda suka bi ta dillali kuma 435,000. Alƙaluman gaskiya ne, fassarar da ake yi musu ce ba daidai ba. Ba gidaje iri ɗaya ake kwatantawa ba. Masu sayarwa da kansu sun fi yawa a karkara da ƙananan gidaje, kuma da yawansu ɗan'uwa ko aboki ko maƙwabci suka sayar wa, inda ragi abu ne da aka yi da gangan. Masana tattalin arziki uku, Igal Hendel da Aviv Nevo da François Ortalo-Magné, sun bi cinikin gidaje a birnin Madison na jihar Wisconsin, inda akwai wani shafin masu sayarwa da kansu mai ƙarfi, suka wallafa sakamakon a 2009: waɗanda suka bi ta shafin ba su sami farashi ƙasa da na MLS ba, sai dai gidajensu sun fi daɗewa kafin su sayu. Gari ɗaya ne, kuma shafin nasu ya yi ƙarfin da ba kowane gari ke da irinsa ba, amma ya isa ya nuna cewa tazarar dala 55,000 ɗin nan ba aikin dillali ba ne.

Akwai wani binciken da nake so kowane mai gida ya sani. Steven Levitt da Chad Syverson sun duba cinikin gidaje kusan 100,000 a kewayen Shikago, suka gano cewa idan dillali gidansa na kansa yake sayarwa, yakan bar shi a kasuwa kusan kwana goma fiye da na abokan cinikinsa, kuma ya sayar da shi da tsada da kusan kashi 3.7. Dalilin a fili yake. Idan aka ƙara dala 10,000 a farashin gidanka, kai ka sami kusan duka, dillali mai kashi 3 ya sami 300, bayan ofishinsa ya ɗauki nasa wataƙila 200 ko ƙasa da haka. Ba zai so ya ƙara mako biyu yana wahala domin wannan ba. Ban faɗi haka don in ɓata abokan sana'ata ba, akwai masu amana da yawa a cikinsu. Na faɗa ne don ka san cewa biyan cikakkiyar la'ada ba ya sayo maka wanda zai damu da farashinka kamar yadda kai ka damu.

Yanzu ga batun dillalin mai saye, wanda ya canza a 2024. A ƙarshen watan Oktoba na 2023, wata kotun tarayya a Kansas City ta jihar Missouri ta sami NAR da wasu manyan kamfanonin dillanci da laifin haɗa baki wajen riƙe la'ada a sama, aka yanke diyyar kusan dala biliyan 1.8. A watan Maris na 2024 NAR ta amince da sulhu a kan dala miliyan 418, sababbin ƙa'idoji kuma suka fara aiki ranar 17 ga Agusta, 2024. Tun daga ranar ba a rubuta abin da mai gida zai ba dillalin mai saye a cikin MLS, kuma dole mai saye ya sa hannu a yarjejeniya da dillalinsa, wadda ta fayyace ladansa, kafin a fara zagaya da shi gidaje. Ba dole ba ne ka biya dillalin mai saye. Amma a aikace, yawancin masu saye sun riga sun zuba duk abin da suka tara a kuɗin farko da banki ke nema, ba su da wata dala 10,000 a gefe, don haka za su rubuta a cikin tayinsu cewa kai ka biya. Shawarata kada ka yi alkawarin wani kaso tun farko, kada kuma ka ce ba za ka biya ko sisi ba. Duk dillalin da ya kira ya tambaya, ka ce masa ya sa buƙatarsa a cikin tayi, za ka duba gaba ɗaya. Tayin dala 405,000 da kai za ka biya kashi biyu da rabi, da tayin 396,000 da ba ka biyan komai, kusan abu ɗaya ne zai shigo aljihunka. Dalilin da ya sa na ce kada ka rufe ƙofa shi ne wani bincike da aka yi a kan cinikin yankin Boston, wanda aka wallafa a 2017, ya nuna gidajen da aka ware wa dillalin mai saye ƙaramar la'ada sun fi wuyar sayuwa da kashi 5, kuma sun fi daɗewa da kashi 12. Kafin sababbin ƙa'idoji aka yi shi, amma halin ɗan Adam bai canza da ƙa'ida ba.

Inda na fi ganin masu sayarwa da kansu suna asara shi ne farashi. Mutum ya zauna a gida shekara da shekaru, ya san nawa ya kashe a kicin, ya san wahalar da ya sha, sai ya ɗora duk wannan a kan farashi. Kasuwa ba ta biyan wahala. Ko kuma ya dogara da ƙiyasin da kwamfutar Zillow ta yi masa, alhali su da kansu sun bayyana cewa a gidajen da ba sa kasuwa matsakaicin kuskuren ƙiyasin ya kai kusan kashi 7, wato dala 28,000 a gida irin naka, sama ko ƙasa. Kamfanin da kansa ya gwada sayen gidaje bisa ƙiyasin kwamfuta, ya tafka asara, ya rufe wannan sashe a watan Nuwamban 2021. Makonni biyun farko su ne zinariyar talla, lokacin ne duk masu nema ke ganin gidan a matsayin sabo. Idan ka sa farashi ya yi sama suka wuce shi, adadin kwanakin da ya yi a kasuwa yana nan kowa na gani, kuma bayan wata biyu tambayar da ake yi ita ce me ke damun gidan. A ƙarshe sai ka sallama a ƙasa da abin da za ka samu da ka fara daidai. Maganin wannan ba shi da tsada: ka ɗauki mai ƙiyasta darajar gida mai lasisi, 'yan ɗaruruwan daloli ne, ya kawo maka gidaje makamantan naka da aka sayar a kusa da kai cikin watannin baya. Farashin da aka sayar, ba wanda ake nema ba.

Wuri na biyu shi ne bayan ka karɓi tayi. Mutane suna ɗauka an gama, alhali yanzu aka fara. Mai saye zai turo mai binciken lafiyar gida, ya yi awa uku yana hawa rufi yana leƙa ƙarƙashin ƙasa, ya fito da rahoto mai shafi arba'in ko hamsin cike da hotuna da jan rubutu. Washegari dillalin mai saye ya aiko da takarda: a canza rufi, a canza na'urar ɗumama gida, ko a rage dala 15,000, kuma a ba da amsa cikin kwana uku. Na ga mai gida da ya karanta irin wannan ya fusata ya ce a fasa, ya koma kasuwa da tabon cinikin da ya rushe. Na ga wanda ya tsorata ya amince da duka. Wanda ya saba ya san cewa a cikin abubuwa talatin da aka lissafa, wataƙila uku ne na gaske, irin yoyon ruwa ko wayar lantarki mai haɗari, sauran tsufa ne na yau da kullum da mai saye ya gani da idonsa kafin ya taya. Zai kira mai gyaran rufi ya kawo ƙiyasi a rubuce, a ga aikin na dala 1,800 ne, a ba da wannan a wuce. Bayan haka bankin mai saye zai turo nasa mai ƙiyasin, idan ya ce gidan bai kai farashin da aka yi ba, sabon ciniki ya tashi. A waɗannan kwanakin ne dillali nagari ke halatta kuɗinsa, kuma a nan ne wanda ka biya dala ɗari uku ba zai ɗauki wayarka ba. Tun kafin ka karɓi tayi ma, ka nemi takardar banki da ke nuna an amince za a ba mai sayen bashi, ko shaidar kuɗi a asusu idan ya ce kuɗi hannu ne, kuma kuɗin kafin alƙalami ya tafi asusun amana na lauya ko kamfanin tantance takardun mallaka, kada ya shigo hannunka.

Doka kuma ba ta yi maka rangwame don ba ka da dillali. Idan an gina gidan kafin 1978, dokar tarayya ta wajabta ka sanar da mai saye abin da ka sani game da fenti mai gubar dalma, ka ba shi ƙasidar gwamnati a kan haka, da damar kwana goma ya bincika. Yawancin jihohi suna da takardar bayyana aibin gida, kuma ɓoye abin da ka sani, kamar ruwa da ke shiga ɗakin ƙasa duk damina, shi ne babban abin da ke kai masu gida kotu bayan sun sayar. Dokar hana wariya a harkar gidaje ta 1968 ta shafi kalmomin tallanka ko da kai kaɗai kake sayarwa: kada ka rubuta cewa ka fi son mai addini kaza, ko ɗan ƙasa kaza, ko marasa yara. Ka siffanta gidan, ka bar siffanta wanda kake so ya saya. A jihohi irin su Georgia da South Carolina da Massachusetts sai da lauya ake kammala ciniki, amma ko jiharku ba ta wajabta ba, ka ɗauki lauyan harkar gidaje tun kafin tayin farko ya shigo. Kuma duk saƙon imel da ya zo da lambar asusu ko ya ce an canza ta, ka kira ofishin lauyan ko kamfanin da ke riƙe da kuɗin da lambar wayar da ka riga ka sani, ka tabbatar, kafin a motsa ko dala ɗaya.

Mu dawo kan gidanka da lissafi, a misali. Cikakken dillali, dala 12,000. Mai kashi ɗaya da rabi, 6,000. Idan ka bi ta kuɗi ƙayyadadde ka kuma yi abin da ya kamata, ka sa 400 na shiga MLS, 300 na ƙwararren mai hoto, 500 na ƙiyasi, 1,000 na lauya, ka tashi a kusan 2,200. Tsakaninka da cikakken dillali ka tsira da kusan 9,800, wato kashi biyu da rabi na farashin gidan. Kuɗi ne mai kauri, amma kuskuren kashi biyu da rabi a farashi ko a ciniki ya cinye shi. Tsakaninka da mai rangwame kuwa bambancin 3,800 ne kacal, bai kai kashi 1 ba. Ka kuma tuna kowane wata da gidan ya ƙara a kasuwa kana biyan bashin banki da haraji da inshora.

Saboda haka, idan gidanka irin na kowa ne a unguwar da ake da makamantansa da yawa, kasuwar garinku tana tafiya har gidaje na sayuwa cikin makonni kaɗan, kana zaune a garin, aikinka zai bar ka ka amsa waya da rana, kuma za ka iya jin an kushe gidanka ba tare da ranka ya ɓaci ba, ka bi ta kuɗi ƙayyadadde tare da lauya da mai ƙiyasi. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, musamman lokaci ko haƙurin ciniki, mai kashi ɗaya da rabi ya fi maka. Cikakken dillali kuwa ina ba da shawararsa ga gidan da ke da wuyar sa wa farashi, ko mai buƙatar gyara sosai, ko gidan gado da magada da yawa, ko na ma'auratan da ke rabuwa, ko idan ka riga ka ƙaura zuwa wata jiha.

Kafin ka yanke, koma wurin dillalin da ya ce kashi 3. Babu dokar da ta ƙayyade la'ada, kuma da yawa za su sauko zuwa kashi 2 ko biyu da rabi idan suka ga kana da wata hanya, balle idan za ka sayi wani gidan ta hannunsu. Ka kira shi da mai rangwame ɗaya ko biyu, kowa ya zo ya ga gidan, ya ba ka a rubuce farashin da yake ganin zai sayu, da gidajen da ya dogara da su, da lissafin abin da zai rage maka bayan an cire komai. Idan za ka sa hannu da ɗayansu, kada yarjejeniyar ta wuce wata uku, kuma a rubuta cewa za ka iya fita idan ba ka gamsu ba. Idan kuma ka zaɓi gwadawa da kanka, ka sa wa kanka wa'adi tun yanzu: mako uku ba tayi mai ma'ana, ka sake duba farashi, mako shida, ka miƙa wa dillali.